Darasi na Goma Sha Huɗu: Iya Ruwa Fid da Kai

Gabatarwa

Hausawa na cewa, "Iya ruwa fid da kai." A zancen yau da kullum akan kawo wannan karin magana ne domin a nuna cewa gwanintar mutum ba ta cika ba sai ya iya kuɓutar da kansa daga abin da ya shiga. A wannan darasi kuwa za mu ɗauki maganar a zahirinta, domin batunmu shi ne yadda ake koyar da iyo da dabarun tsira ga wani rukunin yara waɗanda ruwa ya fi ci bisa ga sauran tsararrakinsu, wato yara masu larurar otizim. Yawancin misalan daga Amurka da Ingila aka ɗauko su, saboda can ne aka fi bin diddigin al'amarin da alƙaluma. Ɗalibi ya karanta sau biyu: karon farko don ya fahimci batun, karo na biyu kuma yana lura da kalmomin da suka shafi ruwa da yadda ake ba da umarni.

Sunan larurar da kamanninta

Har yanzu Hausa ba ta tsayar da suna guda ga wannan larura ba. Kafofin yaɗa labarai sukan ce "galahanga", amma kalmar ta yi faɗi da yawa, don ana liƙa ta ga larurori daban-daban, sa'an nan a bakin mutane tana ɗauke da ƙanshin raini. Saboda haka muka zaɓi mu ari kalmar da likitoci ke amfani da ita, mu rubuta ta yadda Bahaushe zai faɗe ta: otizim. Asalinta daga wata kalmar Girkanci ne mai ma'anar "kai", irin kan nan da ke cikin "kaina" da "kansa". A shekarar 1943 ne wani likita mai suna Leo Kanner, na asibitin Johns Hopkins da ke birnin Baltimore, ya wallafa bayanin yara 11 da ya duba, waɗanda ya ga kamar kowannensu yana zaune ne a wata duniya tasa shi kaɗai.

Otizim ba ciwo ba ne da ake ɗauka, ba kuma rashin tarbiyya ke kawo shi ba. Yanayi ne na yadda ƙwaƙwalwa ke ginuwa, alamominsa kuma sukan bayyana kafin yaro ya cika shekara uku. Yana taɓa yadda yaro ke magana da cuɗanya da mutane, yana sa shi son maimaita abu guda da ƙin canjin tsari, yana kuma sauya yadda yake jin ƙara da haske da taɓi da wari. Ƙarar da kai ba ka ma lura da ita ba, shi tana iya zame masa azaba. Sai dai ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Wani har ya girma ba ya furta ko kalma guda, wani kuwa yakan yi karatu har ya zama malamin jami'a. Cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka, wadda ke yin ƙidayarta a tsakanin 'yan shekara takwas, ta sami yaro 1 cikin 150 a shekarar 2000, a 2022 kuwa 1 cikin 31. Masana da dama na danganta babban kaso na wannan ƙari da faɗaɗa ma'aunin gano larurar da kuma wayewar kan iyaye da malamai.

Me ya haɗa su da ruwa?

Ruwa dai ba ya zaɓe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ne ya ci a shekarar 2021, kusan kashi ɗaya cikin huɗu nasu kuma yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. To amma yaro mai otizim yana da wata ɗabi'a da ke ƙara kusantar da shi ga haɗarin, wato sulalewa. Yaro na zaune a gida ko a aji, babba ya juya baya na ɗan lokaci, kafin ya waiwayo babu shi babu dalilinsa. Ba ɓatan hanya ba ne irin na kowane yaro. Sau da yawa ya san inda ya dosa, ko kuwa guje wa wata hayaniya yake yi. Wani bincike da aka buga a mujallar Pediatrics a 2012, wanda ya ji ta bakin iyayen yara 1,218, ya gano cewa kashi 49 cikin ɗari na yaran sun taɓa yunƙurin sulalewa bayan sun cika shekara huɗu. Cikin waɗanda suka ɓace har hankali ya tashi, kashi 24 cikin ɗari sun shiga haɗarin nutsewa.

A 2017 kuma masana biyu na Jami'ar Columbia da ke New York suka bi takardun shaidar mutuwa na Amurka daga 1999 zuwa 2014, suka tsamo mutum 1,367 masu otizim. Ɗaya daga cikinsu, Farfesa Guohua Li, ya bayyana cewa haɗarin mutuwa a ruwa ga yaro mai otizim ya ninka na sauran yara sau 160. Wannan adadi yana bukatar a riƙe shi da hankali, don ba kowace takardar mutuwa ce ke ambaton larurar ba. Amma ko da an rage shi ninki goma, abin da ya saura ya isa ya hana iyaye barci. Akwai ma wata doka da majalisar Amurka ta zartar a 2018 mai ɗauke da sunayen yara biyu, Kevin da Avonte. Na farko ɗan shekara tara ne da kogi ya ci a jihar Iowa a 2008. Na biyu ɗan shekara 14 ne, ba ya magana. Ya fice daga makarantarsu a New York cikin Oktoban 2013, ba a tsinci gawarsa ba sai a Janairun 2014 a gaɓar kogi. Dokar ta tanadi kuɗin horar da masu nema da na na'urorin gano inda yaro yake.

Iyaye da masu aikin kula da irin waɗannan yara sukan ba da bayanin abin da ke jan su: walƙiyar ruwa idan rana ta haska shi, yadda yake matse jiki ta ko'ina daidai wa daida, da yadda hayaniyar duniya ke ɗaukewa da zarar kunne ya nutse. Ga wanda ƙara ke damu dare da rana, wannan hutu ne. Abin da bai sani ba shi ne ruwa yana da zurfi, yana da sanyi, yana kuma da ƙarfin ja.

Akwai wani abu da ya kamata mai karatu ya cire daga zuciyarsa, wato hoton nan na fim inda mai nutsewa ke ɗaga hannu yana kururuwar a cece shi. Frank Pia, wani mai aikin ceto a bakin tekun New York wanda ya ɗauki hotunan masu nutsewa na gaske, ya nuna cewa mutum yakan tsaya ne a miƙe cikin ruwa, bakinsa na leƙowa yana komawa, ba shi da numfashin da zai yi ihu da shi, kuma cikin daƙiƙa 20 zuwa 60 sai ya nutse. Shiru ake yi. Ƙara da cewa yaro mai otizim sau da yawa ba ya amsawa ko an kira sunansa.

Kafin a taɓa ruwa

Darasin iyo na irin wannan yaro a tudu yake farawa. Malami nagari yakan zauna da iyaye tukuna ya yi tambayoyi. Ga misalin irin tattaunawar da akan yi:

Malama: Hajiya, idan yana son abu, yaya yake nuna miki?
Uwa: Hannuna yake ja, Malama, ya kai ni wurin. Kalmominsa ba su fi goma ba.
Malama: To me ya fi tayar masa da hankali?
Uwa: Ƙara. Ko injin niƙa aka tayar sai ya toshe kunne. Ba ya kuma son a taɓa masa kai.
Malama: Ya taɓa yin farfaɗiya?
Uwa: Sau ɗaya, bara. Yana shan magani.
Malama: Madalla da kika faɗa. Sai mun ji daga likitansa kafin ya shiga, kuma in ya shiga hannuna ba zai yi nisa da shi ba.

Tambayar farfaɗiya ba ta cika baki ba ce. Ciwon ya fi yawa a tsakanin masu otizim bisa ga sauran jama'a, wanda kuwa ya faɗi cikin ruwa, ko da iya gwiwa ne, ba shi da ta kansa.

Daga nan sai a gabatar wa yaro da wurin. Ginannen tafkin iyo na cikin ɗaki wuri ne mai wuyar sha'ani gare shi: murya na amsa kuwwa, usur na tashi ba zato, ga warin sinadarin kulorin, ga hasken fitilu a kan ruwa, ga daɓe mai sanyi da santsi. Shi ya sa ake zaɓar lokacin da babu jama'a, a kai shi ya gani kawai ya dawo gida, wataƙila sau biyu ko uku. A gida kuma a nuna masa hotuna a jere: ga ƙofa, ga ɗakin canja kaya, ga malama, ga ruwa, ga tawul, ga mota. Irin wannan gajeren labari mai bayyana wa yaro abin da zai faru, wata malama 'yar Amurka mai suna Carol Gray ce ta tsara shi a farkon shekarun 1990. Amfaninsa a fili yake. Yaron da ya san abin da ke gaba, ya kuma san cewa abin yana da ƙarshe, hankalinsa yakan kwanta. Rana guda a mako, sa'a guda, malami guda, waƙar buɗewa guda: abin da wani yaro zai kira gundura, shi a wurinsa aminci ne.

Yara biyu malami zai haɗu da su. Akwai mai tsoro, wanda zai yi mako uku yana zaune a baki yana wasa da ƙafa. Akwai kuma wanda bai san tsoro ba, wanda tun daga ƙofa zai fizge hannu ya auka. Iyaye sukan yi murna da na biyun, su ce ɗansu ɗan ruwa ne. A ganina shi ne abin ji. Mai tsoro yana da mai gadi a cikin zuciyarsa, aikin malami kawai ya lallashi mai gadin. Na biyu kuwa sai an gina masa mai gadin daga tushe. Don haka abu na farko da ake koya masa ba iyo ba ne, tsayawa ne. Ya zo bakin ruwa ya tsaya, ya nemi izini, da baki ko da kati ko da alamar hannu, sai an ba shi sa'an nan ya zauna ya shiga. In ya faɗa ba izini, a fito da shi ba faɗa ba tsawa, a koma farko. Haka za a yi a kowane darasi, haka iyaye za su yi a gida har wajen shiga bahon wanka, sai abin ya bi jikinsa.

A cikin ruwa

A nan ne karin maganarmu ke aiki. Makarantun iyo da yawa suna auna ci gaban yaro da kyan salonsa da saurinsa. Ga wannan yaro ma'aunin daban ne: idan ya faɗa ruwa shi kaɗai, ba wanda ya gani, zai iya fitar da kansa? Salo ya jira. Abin da ake so ya fara mallaka shi ne ya taso sama, ya juya rigingine ya yi numfashi, ya nufi gefe, ya kama, ya haye.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan sai an daddatsa shi ƙanana. Ɗauki numfashi. Akan fara da hura wa wani ɗan ƙwallo mara nauyi iska a kan ruwa, sai a sa haɓa, sai leɓe, sai a yi kumfa da baki, sai da hanci. Wani yaro a rana guda zai wuce wannan, wani sai ya yi wata biyu. Sannu ba ta hana zuwa.

Mafi wuya duka shi ne kwanciya rigingine, ita ce kuma mafi muhimmanci, don ita kaɗai ce ke ba gajiyayye damar numfashi ba tare da ya kashe ƙarfi ba. Dubi abin da ake nema daga yaron. Ya mayar da kansa baya, wajen da ba ya gani. Ruwa ya shiga kunnensa, alhali wataƙila ko wankin kai yaƙi ake yi da shi a gida. Ya daina ganin fuskar malami. Ƙafarsa ta rabu da ƙasa. Duk jikinsa na gaya masa faɗuwa yake yi. Malamai sukan fara da ɗora kan yaron a kafaɗarsu, kunci da kunci, kunnensa a waje, suna ƙirga ɗaya zuwa biyar don ya san inda abin zai tsaya. Gobe a kai goma. Sannu a hankali kai ya sauko daga kafaɗa zuwa tafin hannu, daga tafin hannu zuwa 'yan yatsu biyu, har ranar da za a janye yatsun bai ma sani ba. Wani malamin yakan riƙe masa abin wasan da ya fi so a sama don idonsa ya tsaya can. Wanda ke son jirgin ƙasa, sai gefen tafki ya zama tasha, bin gefen da hannu ya zama tafiyar jirgi. Abin da mutane ke kira naci a wajen yaron, a hannun malami mai basira igiya ce ta jawo shi.

Da yawa daga cikin waɗannan dabaru sun samo tushe ne daga tsarin Halliwick, wanda wani injiniya mai suna James McMillan ya fara a 1949 a wata makarantar 'yan mata naƙasassu da ke London. Tsarin matakai goma ne. Yana farawa da sabawa da ruwa, ya bi ta koyon jujjuya jiki da daidaita shi, tafiya gaba ita ce ta ƙarshe. McMillan bai yarda da abin ɗaga jiki ba, hannun mai taimako kawai, wanda ake ragewa kaɗan-kaɗan. Ina ganin yana da gaskiya, musamman game da robobin nan na damtse da ake hura wa iska. Suna riƙe yaro a miƙe, tsayuwar da muka ce ita ce ta mai nutsewa, suna kuma koya masa cewa ruwa ba ya nutsar da shi. Ranar da ya sulale ba za su bi shi ba. Wani zai ce ai masuntan Argungu ma a kan gora suke kwanciya a kogin Matan Fada. Haka ne, amma masunci ya riga ya iya ruwa, goran kayan aikinsa ne. Rigar kariya ta shiga kwalekwale kuwa zancenta daban, wannan dole ce ga kowa, gwani da ɗan koyo.

Sai harshen malami. Yaro mai otizim yakan ɗauki magana yadda aka faɗe ta, bai san habaici ko zaurance ba. In ka ce masa "saki jikinka", me zai saki? Ka ce "dubi rufi", "buɗe hannu". Kalma biyu sun isa, kuma kullum su ɗin dai, kada yau a ce "gefe" gobe a ce "baki". In ka faɗa, ka yi shiru ka ba shi lokaci maganar ta isa, don maimaitawa da sauri kamar sake masa sabon aiki ne. Nunawa ta fi faɗa. Gaya masa abin da zai yi ya fi gaya masa abin da zai bari: "taka a hankali" ya fi "kada ka yi gudu". Kafin ka taɓa shi ka sanar da shi. Tsohuwar dabarar nan kuwa ta ɗaukar yaro a jefa shi ruwa wai tsoro zai koya masa iyo, ba ta da wuri a nan. Rana guda ta irin wannan tana iya rushe aikin shekara.

Daga tafki zuwa kogi

Akwai wata matsala da ke ba malamai mamaki. Yaro ya iya komai a tafkin da ya saba, da malamarsa, da tabarau ɗinsa na ruwa, amma a kai shi wani wuri sai ka ce bai taɓa ganin ruwa ba. Ɗaukar abin da aka koya a nan a yi aiki da shi a can, abu ne da ke yi wa masu otizim wuya. Haɗari kuwa ba ya zuwa a tafkin darasi. A kududdufin bayan gida yake zuwa, ko kogi, ruwa mai duhu da sanyi, ba matakala, yaro sanye da wando da riga da takalmi. Saboda haka bayan an gina komai a kan rashin canji, dole a dawo a riƙa canjawa da gangan, abu ɗaya a lokaci ɗaya: yau a cire tabarau, wani mako a kawo wani malami, sai a koma ɗaya gefen mai zurfi, sai wani tafki dabam. Ƙungiyoyin iyayen masu otizim a Amurka suna ba da shawarar a yi darasin ƙarshe da cikakkiyar sutura har da takalmi, don yaro ya ji nauyin jiƙaƙƙen kaya tun akwai mai tallafa masa.

Sanyi ma abin lura ne ga mazauna Turai. Ƙungiyar jiragen ceto ta Birtaniya, RNLI, tana ɗaukar duk ruwan da bai kai digiri 15 ba a matsayin mai sanyi. Wanda ya faɗa cikinsa ba shiri numfashinsa yakan ƙwace masa na ɗan lokaci. Shawararta ita ce kada ya yi kokawa da ruwa, ya mayar da kai baya har kunne ya nutse, ya buɗe hannu da ƙafa, sai numfashi ya daidaita sa'an nan ya nemi mafita. Kwanciyar rigingine ke nan dai. Ba kuma sai da ginannen tafki ake koyarwa ba. A Bangladesh shirin SwimSafe yana kafa dandamali na sandunan gora a cikin tafkunan ƙauye, kuma yaro bai gama ba sai ya yi iyon mita 25, ya tsaya a kan ruwa daƙiƙa 30.

Idon babba

Shin darasi yana hana mutuwa? Wani bincike na Amurka da aka buga a 2009 ya danganta koyon iyo da raguwar haɗarin nutsewa da kashi 88 cikin ɗari ga 'yan shekara ɗaya zuwa huɗu. Yaran da aka duba ba su da yawa, ba kuma masu otizim aka keɓe ba, amma alƙiblar a bayyane take. A 2019 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce yara da yawa suna iya fara darasi tun daga shekara ɗaya. Ita wannan ƙungiya kuma ta ja kunne cewa babu darasin da ke mayar da yaro wanda ruwa ba ya ci. Tana so a kewaye tafkin gida ta kusurwa huɗu da shinge mai tsawon aƙalla mita 1.2, da ƙofa mai rufe kanta, babba kuma ya kasance inda hannunsa zai kai ga ɗan koyo.

A garuruwanmu na Afirka ta Yamma tafkin gida ba shi ne abin tsoro ba. Rijiya ce marar murfi, da randa, da bahon wanki da aka bari cike, da ramukan da aka haƙi ƙasar gini waɗanda damina ke mayarwa kududdufai. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido: ruwan bokiti ya isa ya kashe ɗan tatata. Ranar taro kuma ta fi kowace rana haɗari, ranar suna ko biki ko salla, inda manya suka cika gida kowa na zaton wani ne ke duba yaron, ga kuma hayaniyar da ke kora shi waje. A irin wannan rana a ambaci mutum guda da sunansa a ce shi ne mai lura, in zai tashi ya danƙa wa wani baki da baki. Maƙwabta ma su san halin yaron. Ɓoye larurar saboda kunya na nufin wanda ya gan shi ya nufi rafi ba zai tare shi ba.

Idan kuwa an neme shi an rasa, a fara duba ruwa mafi kusa kafin ko'ina, don ƙwaƙwalwa ba ta jure rashin iska fiye da 'yan mintoci. Wanda bai iya ruwa ba kada ya faɗa, ya miƙa sanda ko ya jefa igiya ko jarkar da ba kome a ciki. In an fito da yaro ba ya numfashi, abin da ake koyarwa a Ingila shi ne a fara hura masa iska sau biyar baki da baki, sa'an nan a riƙa danna ƙirji sau 30 ana hura iska sau biyu, wani kuma ya kira motar asibiti.

Harshe

Iyo da ninƙaya ma'anarsu ɗaya, kuma da aikatau "yi" suke tafiya: yana iyo, ta yi ninƙaya. Amma a lura da bambancin "ya nutse" da "ruwa ya ci shi". Wanda ya nutse yana iya tasowa. Wanda ruwa ya ci, yawanci ya riga mu gidan gaskiya. In kogi ne mai gudu akan ce "ruwa ya tafi da shi". "Ƙware" kuma kalmomi biyu ne masu rubutu ɗaya, jimla ce ke raba su: wanda ya ƙware a iyo ma yana iya ƙwarewa da ruwa. Haka "gora": na masunci ƙaton duma ne, namiji, shi ya sa muka ce "goran", ta Bangladesh kuwa doguwar sanda ce, mace, sai a ce "gorar".

"Fid da" gajeren siffa ce ta "fitar da", kamar yadda "sayar da" ke zama "sai da", "zubar da" ya zama "zub da". A wajen umarni kuma a duba yadda wasalin ƙarshe ke sauyawa: "tambayi Mama" amma "tambaye ta", "dubi rufi" amma "dube ni". Wasalin "o" yana jawo aiki zuwa wajen mai magana. Malamar da ke cikin ruwa za ta ce "fita", uwar da ke tsaye a tudu kuwa "fito" za ta ce.

Aikin aji

Ɗalibai su kasu biyu-biyu, ɗaya malamin iyo, ɗaya mahaifin yaro, su ci gaba da tattaunawar da ke sama har su tsayar da ranar darasin farko. Bayan haka kowa ya rubuta umarni takwas, kowanne kada ya wuce kalma uku, waɗanda za su kai yaro daga ƙofar shiga har ya fito ya ɗauki tawul, ba tare da an yi amfani da "kada" ba. Wanda ya gama ya zana taswirar unguwarsu, ya sa wa duk wani ruwa da ke cikinta suna da Hausa, ya zo da ita mako mai zuwa.